Kwalliyar Kasuwar Intanet ta Tsofaffin Kaya: Darasi Daga Yankin Funtua da Malumfashi

Duk shekara idan lokacin furojet ya zo, sai ka ga kasuwannin intanet sun cika sashen kimiyyar kwamfuta. Wannan ta sayar da takalma, waccan ta littattafai, amma dukkansu kamar uwa ɗaya ta haife su: launin Jumia, hoton wata Baturiya tana dariya riƙe da jaka, da rubutu sirara da sai ka kanne ido kafin ka karanta. Injin da ke ciki yakan yi aiki lafiya lau. Fuskar ce aro, kuma fuskar ce mai saye yake fara gani.

Darasin nan a kan fuskar yake: launi, harafi, hoto, tambari da jeri. Na zaɓi misali ɗaya da nake aiki a kansa, wato kasuwar intanet da za ta haɗa masu ragowar kaya da masu sana'ar mayar da su wani abu mai daraja, a yankinmu na kudancin Katsina. Ko da furojet ɗinka ba shi da alaƙa da wannan, tambayoyin da za ka yi wa kanka iri ɗaya ne.

Me ake sayarwa tukuna?

Turawa na kiran wannan harka upcycling. Ana danganta farkon yaɗuwar kalmar ga wani injiniya Bajamushe, Reiner Pilz, a wata hira da aka yi da shi a 1994, sannan littafin Cradle to Cradle na William McDonough da Michael Braungart ya ƙara fito da ita a 2002. Ma'anarta a taƙaice: a ɗauki abin da aka gama da shi a mayar da shi wani abin da ya fi shi amfani ko tsada, ba tare da an rage masa daraja ba. To mu dai sunan ne baƙo. Wanda ya taɓa jan ruwa da gugar tsohuwar taya, ko ya ci tuwon da aka tuƙa a tukunyar dalma da aka zuba daga gwangwanayen lemo, ko ya yi karatun dare da aci-balbal ta gwangwanin madara, ya san aikin tun kafin ya ji sunansa.

Shiyyar Funtua ƙananan hukumomi 11 ce: Funtua, Bakori, Danja, Dandume, Faskari, Sabuwa, Kafur, Malumfashi, Kankara, Musawa da Matazu. Ƙasar masara ce da dawa da waken suya da shinkafa da auduga, ga tumatir da rake a wajen Danja. Inda noma ya yi yawa, ragowa ma yawa take yi. Da damina buhunan taki ne ke taruwa, masu cin kilo 50, waɗanda ake ɗinkewa a yi shimfiɗar shanya, ko a warware a tufka igiya. Da kaka kuma kara ne da totuwa da ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa. Mai kiwon kaji yana neman ɓuntun da zai shimfiɗa a ɗakin kaji, mai injin casa kuma ya rasa inda zai kai shi har ya kai ga cinna masa wuta. A cikin gari akwai ƙyallayen tela, duro, jarkokin man gyaɗa, tayoyi, garin katako. Mai abu da mai nema suna iya zama a gari ɗaya ba su san da juna ba.

Wannan jerin da na kawo shi ne tushen kwalliyar gaba ɗaya. Kayanmu ba su da kyan gani. Buhu ne mai ƙura, tulin totuwa ne, taya ce da ta suɗe. Shafin da aka tsara don turare da agogo ba zai karɓe su ba. Za su fito a cikinsa kamar wanda ya shiga ɗaurin aure da kayan gona.

Wa zai kalla, kuma a ina?

Mu masu zane muna zaune a inuwa, gaban kwamfuta mai faffaɗan allo. Mai amfani da shafin yana tsaye a kasuwar Dandume ko tashar Malumfashi da tsakar rana, riƙe da Itel ko Tecno da aka rage wa haske don caji ya kai yamma, gilashin ma wataƙila ya tsage, data kuma ta 'yan ɗaruruwa ce. Wani ma ƙaramar waya mai tocila gare shi, sai ya je wurin yaron da ke cajin waya ko mai POS ya ɗora masa kayan. Saboda haka ka fara zanenka a kan faɗin fiksel 360, wanda shi ne faɗin da yawancin wayoyin Android masu araha suke nunawa, ka gama da shi tsaf kafin ka waiwayi babban allo. Idan ka fara daga babba kana matsewa, kullum abin da ya fi muhimmanci ne zai faɗo ƙasa.

Maɓallan dannawa kuma su yi girma. Ƙa'idar zane ta Google ta ce kada wurin dannawa ya gaza 48 a tsaye da kwance a ma'auninsu, kusan milimita 9 ke nan. Ka tuna yatsan da ya shekara yana riƙe da fartanya ne zai danna.

Launi

Abin da kusan kowa ke fara yi idan an ce shara ko muhalli shi ne ya watsa kore ko'ina. Ni ban goyi bayan haka ba a wannan kasuwa, kuma ga dalilaina. Na farko, kore ya riga ya yi masu shi a wayar mutanenmu: WhatsApp kore, OPay kore, Glo kore, Jiji ma kore. Manhajarka za ta ɓace a cikinsu. Ja na Airtel ne, rawaya ta MTN, ruwan lemo na Jumia. Na biyu, kayan da za a ɗora galibinsu ruwan ƙasa ne da ruwan toka da fari mai dauɗa. Launin shafi aikinsa ya ja baya ya bar su su fito.

Dalili na uku shi ne wanda ba za ka samu a darussan YouTube ba. Manominmu ya riga ya san wani yare na launi daga kwalbar maganin feshi. A ƙasan takardar da ke jikin kwalbar akwai zirin launi bisa tsarin hukumar abinci ta FAO da Hukumar Lafiya ta Duniya: ja ga mafi haɗari, rawaya ga mai bi masa, shuɗi ga mai ɗan dama-dama, kore ga wanda haɗarinsa bai taka kara ya karya ba. Ke nan idan ka zana jan ziri a ƙasan hoton jarka don kawai ka nuna an yi ragin kuɗi, kamar yadda manyan kasuwannin intanet ke yi, akwai wanda zai karanta shi a matsayin guba. Gara mu bi abin da ya sani: ja a shafinmu gargaɗi kawai yake nufi, ba a taɓa shi don kwalliya.

Ga abin da na zaɓa. Bango fari mai ɗan sirkin ruwan madara, lambarsa #FAF7F0. Rubutu baƙi mai ɗan laushi. Babban launi shuɗin baba mai duhu, irin na marina, #1F3A6E, don kan shafi da manyan maɓallai. Sai ruwan ɗorawa, #F2B705, mai kama da ƙwayar masara ja-ja, a wuri ɗaya tak: maɓallin ɗora kaya. Launi huɗu ke nan, ja na biyar yana ajiye don ranar buƙata. Ba dole ka ɗauki nawa ba, amma kowane launi da ka sa, ka iya faɗin aikinsa a jimla ɗaya ranar da za ka kare furojet.

Akwai kuma lissafi a ciki, ba son zuciya kaɗai ba. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da ƙa'idar WCAG 2.0 a 2008, inda ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1 ga ƙaramin rubutu, 3 bisa 1 ga babba. Baƙi a kan fari shi ne ƙololuwa, 21 bisa 1. Farin rubutu a kan shuɗin da na zaɓa ya haura 10 bisa 1. Amma farin rubutu a kan ruwan ɗorawan nan bai kai 2 bisa 1 ba, don haka rubutun wannan maɓalli dole baƙi ne. Toka mai lamba #767676 a kan fari ita ce daidai bakin iyaka, duk wadda ta fi ta haske ta faɗi. Wannan toka-toka mai haske da 'yan gayu ke so a ƙasan hotuna, wallahi a rana ba a ganinta ko kaɗan. Akwai shafuka na kyauta da za ka zuba lambobin launi biyu su ba ka sakamako nan take. Ni shawarata, tunda a rana za a duba, ka nemi 7 bisa 1 ga farashi da lambar waya.

Kada kuma launi ya ɗauki saƙo shi kaɗai. A tsakanin Turawa kusan namiji 1 cikin 12 ba ya bambance ja da kore sosai. Adadin bai kai haka ba a Afirka, amma akwai su a cikinmu, wasu ma ba su san suna da matsalar ba. Idan kaya sun ƙare, kada ka mayar da ɗigon kore ja kawai. Ka rubuta "An sayar".

Harafi, da maganar awara

Nan ne furojet da yawa ke zubar da mutunci. Ka zaɓi wani salon harafi mai kyau, ka rubuta "Ƙara kaya", sai wayar ta nuna wani ɗan akwati fanko a madadin Ƙ, ko ta aro harafin daga wani salo daban ya fito a karkace kamar haƙorin da ya goce. Masu harkar suna kiran wannan akwati tofu, wato awara, saboda kamarsa da yankan awara. Google ma sunan babban jerin haruffansu Noto daga nan ya samo asali: ba sauran awara.

Wasu sai su ce a cire lanƙwasar kawai, ai Bahaushe zai gane. A hira ta WhatsApp zai gane. A kasuwar da ake sayar da kara fa? "Kara" da "ƙara" duk kalmomi ne da za su fito a shafi ɗaya. "Baƙin buhu" launinsa ake nufi, "bakin buhu" kuma inda ake ɗaurewa. Mai saye ya tambayi ɗaya a ba shi amsar ɗaya, a yi ta jan magana a waya, kati na ƙonewa.

Kafin ka amince da kowane salon harafi, ka gwada shi da waɗannan: ɓ ɗ ƙ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ, da alamar naira ₦. Idan kana sa ran mutanen Maraɗi za su shigo, ƙara ƴ, don su da ita suke rubuta abin da mu muke rubutawa 'y. Lambobinsu a tsarin Unicode, ga masu rubuta manhaja: ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ₦ U+20A6. Noto Sans yana da su duka. Haka ma Andika na ƙungiyar SIL, wanda aka zana musamman don masu koyon karatu, shi ya sa haruffansa ba sa rikicewa da juna. Ni shi na fi so ga wannan aiki, domin da yawa daga masu sayar da kayan nan karatun boko nasu na yaƙi da jahilci ne ko firamare. Duka biyun kyauta ne. Salo ɗaya ya isa, mai kauri da marar kauri. Kowane ƙarin salo fayil ne da waya za ta sauke da datar wani. Girman rubutu kada ya gaza fiksel 16, farashi kuwa ya kai 22 ko fiye.

Sai ajami. Akwai dattijon da boko ke ba shi wuya amma ajami yana karanta shi kamar ruwa, kuma kullum yana ganinsa a jikin ₦200 da ₦500 da ₦1000. SIL suna da salo biyu da suka dace da mu: Alkalami, wanda ya bi zubin rubutun Kano, da Harmattan. Ba sai ka juya shafin gaba ɗaya ba, wannan babban aiki ne tunda ajami daga dama yake farawa. Amma sunayen rukunin kaya, buhu, kara, taya, ƙarfe, idan aka sa ajaminsu a ƙarƙashin boko, ba ƙaramin buɗe ƙofa ba ne. Sharaɗi ɗaya: ka kai wa malamin allo ya duba maka rubutun kafin ka saki.

Hoto shi ne kasuwar

Bahaushe ba ya son cinikin biri a sama. A kasuwa zai ɗaga buhu ya duba ta rana ko akwai huji, ya ja ɗinkin, ya shinshina ya ji abin da aka taɓa zubawa. A waya hoto ne kaɗai zai maye gurbin duk wannan, don haka shi za a ba fili mafi girma, kuma dole ya zama na ainihin kayan. Hoton da aka kwaso daga intanet, na tsaftatattun kwalabe a jere, ƙarya ce ko da ba a yi niyya ba.

Matsalar ita ce ba kai za ka ɗauki hotunan ba. Masu kaya ne za su ɗauka, da kyamarar da ta ga duniya, wani a cikin duhun zaure, wani da inuwarsa a kai. Aikin mai zane shi ne ya tsara yadda hotuna marasa kyau za su zauna tare ba su yi kama da juji ba. Dabarun da nake bi: kowane hoto a yanka shi murabba'i, girma ɗaya, a bar farin fili a tsakaninsu, kada a rubuta komai a kan hoto, duk bayani ya sauka ƙasa. A lokacin ɗauka kuma manhajar ta nuna ɗan zane na koyarwa, ba dogon rubutu ba: fita waje, juya wa rana baya, ɗauki tulin gaba ɗaya, sannan matso ka ɗauki inda ya lalace. Wannan hoto na biyu, na aibi, ni a wurina wajibi ne. Wanda ya nuna hujin buhunsa da kansa ya riga ya sayi amanar mai saye.

A sa wani abu da kowa ya san girmansa a gefen kayan, tiya ko bokitin fenti. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a hoto tulin totuwa mai cika kwando da mai cika tifa suna iya fitowa iri ɗaya.

Yanzu lissafin data. A ce hoto ɗaya daga kyamara megabait 3 ne, shafin farko kuma yana nuna guda 20. Megabait 60 ke nan a buɗewa ɗaya. Idan aka rage kowanne zuwa faɗin fiksel 400 aka matse shi a tsarin WebP, wanda Google ya fitar a 2010, zai iya komawa wajen kilobait 40. Guda 20 ba su kai megabait 1 ba. Wanda ya buɗe shafinka sau ɗaya ya ga datarsa ta tafi ba zai sake dawowa ba, kuma zai gaya wa na kusa da shi. Bidiyo mai kunna kansa da hotunan da ke zamewa a saman shafi, a bar wa masu wayfai.

Ƙarƙashin kowane hoto abu huɗu ne, a wannan jeri: sunan kaya, farashi da ma'auni, yawa, gari. Misali: Buhun taki. ₦150 kowane ɗaya. Akwai 300. Bakori. Farashin nan misali ne kawai na sa. Ma'aunin ya zama na bakin mutane, dami, buhu, kwando, amalanke, tifa, ba kilo ba sai ga ƙarfe da dalma da dama a sikeli ake sayensu. Kuɗi kuma a rubuta da lamba. Kalmar "jaka" a bakin dattawan kasuwa ₦200 ce, wani yaron kuma dubu yake nufi da ita. Kada shafinka ya shiga wannan rigima. Lafiyar kaya mataki uku sun isa: lafiyayye, mai ɗan aibi, sai an gyara.

Babban maɓalli a shafin kowane kaya "Kira mai kaya" ne, na biyunsa saƙon murya. Kwandon sayayya irin na Jumia ba shi da aiki a nan, don ba wanda zai biya kuɗin tifar ɓuntu bai yi magana da mutum ba, bai taya ba, ba a ce masa albarka ba.

Tambari da alamomi

Alamar nan ta kibiyoyi uku masu bin juna, wani ɗalibi ne kamar mu ya zana ta, Gary Anderson, yana da shekara 23 a wata jami'a a Kalifoniya, a gasar da wani kamfanin kwali ya shirya a 1970. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma kada ka mayar da ita tambarinka. Kowa na amfani da ita, kuma a ƙauye ba ta cewa komai.

Ka kuma yi hattara da siyasa. Abu na farko da zai zo wa mai zane a kan harkar tsafta shi ne tsintsiya. A Najeriya tsintsiya tambarin APC ce, lema ta PDP, jar hula kuma kowa ya san ta wace tafiya ce. Ka sa ɗaya daga ciki, rabin kasuwa sun ɗauka shirin tallafin wani ɗan takara ne, sauran rabin su zo neman rabonsu. Dagin Arewa yana da kyau amma ya yi yawa a gari, daga ƙofar gida har kwalin shayi. Ni abin da na ga ya dace shi ne a ɗauko daga jikin kayan: saƙar buhu, layi bisa layi, ko ɗinkin faci. Ka gwada tambarin a girman fiksel 48, baƙi da fari, sannan ka tambayi kanka ko mai fenti zai iya zana shi a bangon shago da burushi. Idan ba zai iya ba, ya yi tarkace da yawa.

Ƙananan alamomin rukuni kuwa, kada ka kwaso na Turawa yadda suke. Alamar kwandon shara mai murfi ba ta nufin komai ga wanda bai taɓa ganin irinsa a ƙofar gidansu ba. Zana buhu, dami, jarka, taya, almakashi don ƙyalle, kuma kowace alama da sunanta a ƙasa. Jerin ma ya bi shekara: da kaka kara da totuwa su hau sama, da damina buhu.

Kalmomi ma kwalliya ne. "Bola" da "shara" kada su fito a shafin. Matar da ta tara ƙyallayen ɗinkinta ko manomin da ke da dami 50 na kara ba sa ganin kansu a matsayin masu shara, kuma suna da gaskiya. "Ragowa" ko "kayan hannu" sun fi mutunci. A gaishe da mutum da "ku", ba "kai" ba. Ba ka san ko sa'an mahaifinka ne ke riƙe da wayar ba.

Inda zane ke taɓa rai

Akwai kayan da dole shafin ya ƙi karɓa, kuma ƙin ya fito ɓaro-ɓaro a fuska, ba a ɓoye cikin dogon sharaɗin da ba mai karantawa ba. Na farko robar maganin feshi da ta maganin ciyawa. A yankin da ake feshi kamar namu suna da yawa, suna da ƙwari, murfinsu na kamawa, don haka sai ka ga an zuba musu ruwan sha ko man gyaɗa ko an ba yaro ya tafi da kunu gona. Wankewa ba ta mayar da su abin zuba abinci. Shawarar FAO ita ce a ɗauraye su sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar a cikin tankin feshi, sannan a huda su don kada wani ya sake amfani da su. Saboda haka duk wanda ya zaɓi rukunin jarka ko duro, kafin ya ɗora hoto, allo guda zai tare shi: hoton robar magani, jan giciye a kanta, gajeren rubutu, da maɓallin sauraro ga wanda ba ya karatu. Sannan tambaya ta dole: me aka taɓa zubawa a ciki? Amsar ta fito a jikin tallar, kusa da farashi. Nan ne jan da muka ajiye zai yi aikinsa, kuma zai yi ne saboda ba a gan shi a wani wuri ba. Buhun taki ma a rubuta a jikinsa cewa ba na zuba gari ko abin ci kai-tsaye ba ne.

Na biyu ƙarfen da ba a san asalinsa ba. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtua zuwa Gusau da Ƙauran Namoda yana nan kwance, ga wayoyin lantarki, ga kan famfon burtsatse. Harkar jari bola ta sha zargi a kan irin wannan, har gwamnatin Borno ta haramta ta a 2023. Masu sana'ar na gaskiya su ne suka fi cutuwa da ɓata-garin cikinsu. Kasuwar da ba ta nuna a fili cewa ba ta karɓar irin waɗannan ba, ranar da aka kama kaya ɗaya sunanta ya mutu.

Na uku ba kaya ba ne, mutane ne. Kowa ya san halin tsaro da ake ciki a wajajen Faskari, Sabuwa, Dandume da Kankara. Taswira mai ɗigo a kan gidan mai kaya, wadda ake ganin burgewa ce a furojet, a nan haɗari ce. A nuna sunan gari ko kasuwa mafi kusa kawai, haɗuwa kuma a kasuwa. Kada a nemi hoton fuska. Manhajar ta goge bayanan wuri da waya ke liƙawa a jikin hoto kafin ta ajiye shi. Layuka kaɗan ne na rubutun manhaja. Mata masu sana'a a cikin gida a ba su zaɓin ɓoye lambarsu ko sa ta wakili.

Gwaji

Duk abin da ka yanke, tara shi a takarda ɗaya: launuka da lambobinsu da aikin kowanne, salon harafi da girma uku, siffar maɓalli, tazarar da ke tsakanin abubuwa, misalin talla ɗaya cikakkiya, da kalmomin da aka hana. Idan ku uku ne a rukuni, wannan takarda ce za ta hana kowa yin nasa. Figma da Penpot suna da tsarin kyauta, Inkscape kyauta ne gaba ɗaya, fensir da takarda kuma ba sa jiran NEPA.

Daga nan sai a fita. Jakob Nielsen, masani a kan sauƙin amfani da manhaja, ya rubuta a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum 5 yakan tono mafi yawan matsalolin zane. Amma ba abokan ɗakinka 5 ba. Idan an yi hutu, nemi mai injin casa, tela, mai kiwon kaji, maƙerin dalma, da wata uwa mai sana'a a gida. Ka gaishe su yadda ya kamata, ka miƙa wayar a waje cikin rana, hasken allo a rabi, ka ce: "Baba, a ce kuna da buhu 50 kuna son sayarwa, ku gwada mu gani." Sannan ka yi shiru. Shirun nan shi ne mai wuya, don bakinka zai yi ta ƙaiƙayin cewa "danna nan". Kada ka tambaye su ko ya yi kyau. Kara za su yi maka su ce ya yi. Ka kalli inda yatsa ya tsaya yana shawagi, ka rubuta wurin da daƙiƙa nawa ya ɗauka, ka koma ka gyara, ka sake kai wa wasu biyar ɗin daban.